Makon da Saja Famau Ya Yi Shiru

Mijina Famau Lali ɗan sanda ne, kuma duk wanda ya taɓa sauka a tashar garinmu, nan kan hanyar Lamu zuwa Malindi, ya ji muryarsa kafin ya ga fuskarsa. Rediyo ake ce masa. Ba ni na raɗa masa ba, amma wallahi da ba a riga ni ba da ni zan raɗa. Mutumin nan cikinsa ba ya ajiye magana! Ranar da ya je neman aurena, kawunnaina ba su gama shawara ba har masunta a bakin teku sun san ranar biki.

Ɗan masunci ne da jirgi ke sa shi amai. Ubansa ya gwada, ya gwada, ya haƙura ya ce ya je ya nemi aikin tudu, shi ne ya sa kaki. Kuma kar ku ɗauka surutun bai yi masa rana ba. Wanda ke ba mutane labari shi ake kawo wa labari. In aka sace akuya, Famau zai zauna a dakalin Baba Shebwana mai gahawa ya yi ta zuba, kafin la'asar wani ya raɗa masa gidan da ake soya nama. Da haka ya kai igiya uku, ya zama Saja, a nan kuma ya tsaya cak. Manya sun ce aikin sirri ba na irinsa ba ne, abin yana cinsa a rai ko da yana dariya.

Sai mutanen daji suka addabe mu, masu ƙetaro iyaka da bindiga suna cewa addini suke wa aiki. Wane addini? Su tare bas, su sauke bayin Allah su harbe. Bas ta daina tafiya sai da rakiyar 'yan sanda. Gwamnati ta turo jami'an leƙen asiri, suka kama wani gida bayan injin niƙa, babu allo babu suna. A ranar da suka sauka gari ya san da zuwansu, kuma ba sai na faɗa muku daga bakin wa ba.

Su da 'yan sanda ba sa ga maciji. 'Yan sanda na ce musu masu baƙin tabarau, su kuma suna ce wa caji ofis kwando, wai duk abin da ka zuba sai ya tsiyaye. Har akwai lokacin da 'yan sanda suka kama wani mai tallan gyaɗa da suke zargi, suka tsare shi, ashe mutumin masu tabarau ne. Bayan wannan abin kunyar aka ba da umarni daga sama cewa dole a zauna teburi ɗaya. Aka kawo wata mata ta shugabanci na bayan injin niƙa, Madam Nekesa, 'yar siririya, wadda in ka gaishe ta sai ta yi tunani kafin ta amsa.

Wata Litinin Famau ya dawo gida da azahar ya zauna. Na ajiye masa shinkafar kwakwa da kifi. Ya ci. Bai ce uffan ba.

"Baban Tima, lafiya?"

"Lafiya."

"Wa ya mutu?"

"Babu."

"To me ya faru a ofis?"

"Aiki."

Innalillahi! Na taɓa goshinsa, ba zazzaɓi. Kuma ba fushi yake ba, fuskarsa sai sheƙi take, yana tafiya yana ɗaga kafaɗa kamar sabon ango. Washegari haka, ya wuce dakali ya ɗaga musu hannu kawai. Baba Shebwana da kansa ya tsallako wajen da nake suyar mahamri, wato fanken garinmu, ya kira sunana ya ce, "Somoe, gaya mini gaskiya, batirin ne ya ƙare ko ke kika murɗe shi? Gahawata ta ƙi sayuwa!"

Ranar Laraba da rana wata mata ta yi sallama cikin buibui baƙi, irin lulluɓin matan garinmu, fuska a rufe, wai tana neman a yi mata mahamrin biki. Tana shiga ta yaye, sai ga Madam Nekesa. Famau ya miƙe zumbur ya ƙame, da zanen gida a ƙugunsa. Ta dube ni ta ce ko zan ba su wuri. Na ce, "Madam, bangon nan na kaba ne. Ko bayan gida na je zan ji, gara in ji a zaune."

Ta yi ajiyar zuciya ta juya wajensa. "Saja, maganar da na faɗa maka ran Litinin, cewa bas ɗin Juma'a za ta tafi ba rakiya, wa ka gaya wa?"

Ya bugi ƙirji, ya kira ta yadda suke kiran manyansu a wajen aiki. "Ko mutum ɗaya, Afande! Ga matata nan, tambaye ta."

Matar nan ta dafe kai da hannu biyu. "Wayyo Allah. Saja, don ka faɗa na gaya maka!"

Sai ta warware mana. Suna da mutum a cikin dajin, ya aiko cewa ana shirin tare bas, amma bai san ranar ba. Kuma akwai wani a garinmu da ke kai wa mutanen daji rahoto, ba a san ko wane ne ba. Shi ne suka ce bari su zaɓa musu rana da kansu, su ɗana tarko. Abin da ya rage kawai shi ne labari ya bazu cewa ran Juma'a ba rakiya. Suka duba gari kaf, suka ga babu hanya mafi sauri kamar a raɗa wa Rediyo a ce masa sirri ne. Sun yi lissafin komai, ban da cewa mutumin da ba a taɓa ba shi amana ba, in ka ba shi zai rungume ta da hannu biyu.

Na ga fuskar mijina ta faɗi. Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Madam! Kwana nawa bawan Allahn nan yana kumbura kamar ƙullin da aka sa wa yis, yana murna an ɗauke shi mutum, ashe wasa kuke da hankalinsa?"

"Mun yi kuskure," in ji ta. "Mun saba ba ma roƙo, sai dai mu juya mutum bai sani ba. Yau roƙo na zo yi. Kuma akwai abin da ya fi wannan ɗaci." Ta ce in tarkon ya kama, ba za a taɓa cewa tarko ne ba, don in mutanen daji suka gane an san shirinsu tun farko, za su yanka mutumin da ke cikinsu. Dole a ce Saja ne ya yi suɓutar baki, aka farga a ƙurarren lokaci aka ceci fasinja. Za a hukunta shi a gaban jama'a. Kuma ba zai wanke kansa ba sai ranar da mutuminsu ya fito da rai.

Famau ya ɗago kai ya dube ta. Ya ce, "Mutumin naku yana da 'ya'ya?"

"Yana da su."

"To na yarda. Amma da sharaɗi. Tunda bakina ne zai kira su, jikina zai shiga bas ɗin."

Ku zo ku ga aiki da la'asar! Ina bakin kaskona ina kallo. Ya iso dakali yana waige-waige, ya zauna, ya karɓi gahawa, ya ce shi fa ba zai yi magana ba. Aka yi caa a kansa. "Rediyo, an gyara ka?" "Faɗi mana, mu ma ba za mu gaya wa kowa ba!" Ya ce a'a, aikinsa zai tafi. Ya sa suka rantse ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya sunkuya ya yi raɗa, irin raɗarsa da ake ji daga masallaci: "Ran Juma'a kar wanda ya sa nasa a bas. Motocin rakiya duk an janye su, wani babban mutum zai zo Malindi." Kafin magariba mata uku sun zo sun ba ni labarin, kowacce tana cewa kar in faɗa.

Ran Juma'a da safe ya ce in ba shi buibuina, babban, na zuwa biki. Na ba shi ina kuka ina zaginsa. Bas ta tashi da 'yan fasinjan da suka yi taurin kai. A shingen bayan gari, inda kullum ake sauke kowa a duba katin shaida, aka wuce da su cikin makaranta aka rufe ƙofa. Ƙartin 'yan sanda suka fito daga bayan aji, wasu da jallabiya da hula, wasu da buibui, ga gashin baki a ƙarƙashin mayafi ga takalmin kaki yana leƙowa. Suka maye gurbin fasinjan a bas, direba ma nasu ne. Masu tabarau kuwa tun jajibiri sun kai mutane sun kwantar a cikin ciyawa kusa da gadar da ruwa ya ci, suna sauraron wayoyi, suna gaya wa na cikin bas abin da ke gaba.

A gadar mutanen daji suka fito. Suka tsayar da bas, babbansu ya leƙo yana ihu a sauko. Sai wata ƙatuwar mata a kujerar gaba ta yaye mayafi ta daka masa tsawar da har yau, in ji waɗanda suka ji, ba su san ko ita ce ta kayar da shi ko gindin bindiga ba. Wuta ta tashi gaba da baya. Wasu daga cikin maharan suka faɗi, wasu suka zubar da makamai, kaɗan suka tsere. An harbi wani kurtu a cinya, ya warke. A daidai lokacin aka damƙe mai facin taya na tasha da waya a kunne, shi ne mai kai rahoton. Ko fasinja ɗaya bai yi ƙwarzane ba! Da yamma Famau ya shigo ta ƙofar baya ya miƙo mini buibuina a dunƙule, da hujin harsashi a gefen hammata. Na zauna daɓas a ƙasa.

Bayan kwana biyu aka tara fareti, aka kira mutanen gari, aka yanke masa igiya ɗaya a gaban kowa. Saja ya koma Kofur. Daga nan muka shiga uku. A kasuwa mata su ce, "Ga matar wanda ya kusa kashe mu." 'Yarmu Tima ta dawo daga makaranta tana kuka, ta ce ita kunyar sunan babanta take ji. A dakali in ya buɗe baki sai a ce, "Kofur, yau kuma wa za ka sayar?" Ya yi dariya ya kawo zancen ƙwallo. Ni kuwa sau nawa na ciji leɓe har jini, Allah kaɗai ya sani. Shekaru muka yi a haka. Wani lokaci yana cikin cin abinci sai ya tsame hannu ya ce, "Maman Tima, ba zagin ne ke damuna ba. Labarin nan daɗi gare shi, kuma ni ne a ciki!"

Watan jiya ya yi ritaya. Aka kafa rumfa a harabar caji ofis, aka dafa shinkafa da nama, mutane suka zo don abinci, ba don shi ba. Ana cikin jawabai sai wata mota ta tsaya, Madam Nekesa ta fito, kanta ya yi furfura. Ta karɓi lasifika ta ce mutuminsu ya fito daga daji, yana can wani gari da iyalinsa. Sannan ta faɗi komai, tun daga Litinin ɗin har gada. Da ta zo kan ƙatuwar matar kujerar gaba, wuri ya kaure! Baba Shebwana ya jefar da sandarsa yana kabbara. Tima, da goyonta a baya, ta ratsa mutane ta faɗa jikin babanta tana cewa ya yafe mata. Shugaban caji ofis da Madam suka kama hannun rigarsa tare suka maƙala masa igiyarsa.

Ya share fuska ya ce, "Afande, yanzu na iya faɗa?"

Ta miƙa masa lasifika. "Faɗi, Saja. Duka."

Jama'a suka yi tsit. Ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki. Ya rufe. Ya sake buɗewa, hawaye na bin gemunsa, ko kalma ɗaya ta ƙi fita. Rediyo guda!

Dama na zo da buibuin a jakata, ban taɓa ɗinke hujin ba. Na tashi na fizge lasifikar daga hannunsa, na zura yatsa a hujin na ɗaga sama kowa ya gani. Na ce, "Zauna, Baban Tima, ka yi naka. Ku kuma masu cewa ya kusa kashe ku, ku ajiye cokali, da ku nake."