Taken Wa Take Kaɗawa?

Ni na raba Baba da gurminsa. Tun kafin a haife ni yake kiɗa a tashar Kawo, kowane direba da takensa. Da ka ji tsirkiya ta juya, ka san motar wa ta shigo. Da na samu aikin ofis, abokan aikina masu hawa mota a Kawo suka laƙaba mini ɗan maroƙi. Na kasa haɗiyewa. Na karɓi gurmin da sunan zan kai a sake masa fata, na ɗora shi kan sif a gidana na Unguwar Sarki. Shekara tara ana gyara. Baba bai taɓa tambaya ba, kuma shirun nan ya fi zagi ci mini rai.

Wata Asabar bayan la'asar na je gaishe shi, na tarar da ƙanwata, mayyar fina-finan Koriya, tana nuna masa abu a waya. Wata tsohuwa ce 'yar ƙasar, zaune dirshan a gaban taron jama'a, ta ɗora wani dogon katako mai tsirkiya goma sha biyu a cinya. Gayagum sunansa, in ji ƙanwata, matar kuma gwanar gwanaye ce a can. Hannun dama na kaɗawa, na hagu na danna tsirkiya har ta riƙa rawa kamar muryar mai shirin kuka.

Na kasa zama. Na duba agogo, na leƙa waje, na ce zan wuce Mando, alhali ba abin da zai kai ni.

"Zauna," in ji Baba. Ya matso da kunne. "Taken wa take kaɗawa?"

"Ba na kowa ba ne, Baba," ƙanwata ta ce.

"Ina aka taɓa kiɗa ba mai shi? To, rasuwa aka yi?"

"A'a."

"Me ya sa jama'a suka yi tsit? Ba guɗa, ba mai tashi ya taka. Baiwar Allah, da furfurarta za a kunyata ta haka?"

Da gaske tausayinta yake ji. Kiɗan ya fara a sanyaye, yana ta ƙara wuta, yatsun Baba na bin sa a kan gwiwa, na tsakiya yana makara. Ban san hannun ya sandare haka ba.

Da ta gama, jama'a suka miƙe kaf, manya masu kwat, ana tafi ba ƙaƙƙautawa.

"Ashe shirun na girmamawa ne," Baba ya ce. "Mayar baya kaɗan, 'yar nan." Ya ƙura wa masu tafin ido. "Ko ɗanta na cikinsu?"

Ko kallona bai yi ba. Kunya ta rufe ni.

Ranar na sauko da gurmin. Fatar ta tsage, ƙaryata ta zama gaskiya. Kwana shida ina zarya wajen mai gyara, ina tsoron kar yatsan Baba ya gama sandarewa kafin in mayar masa.

Da na miƙa wa Baba, ya shafa sabuwar fatar ya ce, "Mai gyaran nan akwai nawa wajen aiki." Ya ɗaure tsirkiya ya kaɗa. Yatsan ya ƙi, rabin take kawai ya fito. Duk da haka na gane shi: nawa ne, wanda yake lallashina da shi ina jariri, in ji Inna.

Na zauna a ƙasa, na yi tsit.