Furen Lallen Gyadi-Gyadi

Shekarar da matata ta rasu 'yan'uwanta suka sayar da gidan da muke ciki a unguwar Gyadi-Gyadi, da yake nata ne na gado. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bishiyar lallen da ta dasa a bakin rijiya, wadda mai sayen ya ce sarewa zai yi ya fitar da shago. Na ƙudura sai na ɗauki hoton furenta kafin gatari ya iso.

Furen lalle bai fi ƙwayar dawa ba. Na gwada waya da ɗan gilashin nan da ake maƙala mata, ta dama mini shi kamar kunu. Tsohuwar kyamarata ta fi ta mutunci. In na kwance gilashinta na juya shi gaba ya koma baya, tana kusanto da abu sosai, sai dai gefen fure ɗaya ne zai fito tar, saura duk dishi-dishi. Dabarar ita ce ka yi ta ɗauka, kowane hoto ka matsa saiti gaba da kaurin gashi, daga baya kwamfuta ta tsinto inda ya fito a kowanne ta haɗe su hoto guda. Amma fa kada furen ya motsa.

Wa ya gaya wa Gyadi-Gyadi wannan? Tirela na wucewa a titin Zariya ƙasa za ta amsa, in ta lafa iska ta karɓa. Kullum da hantsi ina durƙushe ina yi wa iska masifa.

Maƙwabcina, wani malamin makaranta mutumin Filato, ya leƙo ta katanga.

"Alhaji, ka karyo reshen ka shiga ɗaki mana."

"Malam, marigayiya ba ta bari a taɓa fure. Ganye kawai."

"Na sani. Amma gobe da safe masu sara za su zo."

Na karyo. Na tafi da shi ɗakin da na kama a Tarauni, na rufe taga, na kashe fanka, na tsayar da shi a kofin shayi. Kafin in yi nisa ƙamshinsa ya cika ɗakin, kewar matata ta taso mini. Na jira ta lafa, na ci gaba, gumi na ɗiga a haɓata.

Da kwamfuta ta gama haɗawa, kowane fure ya fito biyu-biyu. Ashe tsakanin hoton farko da na ƙarshe yaushi yake yi, yana sunkuyawa a hankali yadda ido ba ya gani.

Washegari na yi sammako in karyo wani, na tarar da kututture, birkila na awo a kansa.

Wannan mai biyu-biyun na kai aka wanke, na rataye shi saitin gado. Duk wanda ya san hoto zai yi mini dariya, kuma da na so a yi. Har yau ba wanda ya shigo ɗakin.