Mai Goro a Ɗakin Sukwash

Ran Asabar ake buɗe ɗakin sukwash na masana'antarmu a Bompai ga duk mai son koyo. Wasa ne na mutum biyu, suna buga 'yar ƙwallon roba a jikin farin bango. Ran nan muna tsaye a bayan gilashi muna jira, don wani bawan Allah ya riga mu shiga.

Ban san shi ba. Farin gajeren wando ne a jikinsa, tumbi ya fi ƙarfin riga, raket ɗinsa na buga ƙwallon ko ledarsa ba a ɓare ba. Takalmin ofis ya sa, duk inda ya taka sai ya bar baƙin zane a katako. Ba ya buga komai. Waya yake yi, yana taunar goro, yana cewa, "Ai mu ne muke raya wasan nan a Kano." Da gani, tun yana yaro ba a taɓa ce masa "fito" ba.

Muntari direba, wanda ya taso tun daga Panshekara da raket na aro, ya ƙwanƙwasa gilashin. "Ranka ya daɗe, lokacin 'yan koyo ne."

Mutumin ko waiwaye. Ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda, ya tsartar da jan yawun goro a bangon.

Muna kallo yawun yana gangarowa a hankali. Tun da ya shiga, shi kaɗai ne abin da ya jefa ya sami bango.