Gonar Mai Bishara a Bayan Malikanchi

Da asuba muka tashi daga Zariya, ni da Baturen Mishan ɗinmu, kowa bisa kekensa. Ni ne mai ba da magani a Mishan. Saƙo ne ya zo cewa mai bisharar da ke kula da 'yar majami'armu a wani ƙauye bayan Malikanchi ya yi wata biyu kwance da kurkunu, ga damina ta yi tsaka. Aka yanke shawarar mu ɗauko shi da iyalinsa, a rufe majami'ar. Kowa kuwa ya san in aka rufe ta, da wuya a sake buɗewa.

Hanyar Kudan laka ce zalla. Kekunan nan sun hau mu fiye da yadda muka hau su. Amma fadamun rake sun yi kyau, ido bai ƙoshi da kallo. A Kudan na sayi mazarƙwaila ta kwabo, Bature ya gatsa, ta riƙe masa haƙora har muka fita gari bai iya amsa gaisuwa ba. A Makarfi muka sha fura da nono, muka miƙa Ikara, inda wani dattijo maɗinki ya sauke mu a zaurensa. Da ya ji wurin wanda za mu, sai ya ce, "Malamin Kiristan nan? Ku gaishe shi. Mutumin kirki ne."

Washegari da hantsi muka isa ƙauyen. Majami'ar ginin ƙasa ce da jinka, ba ta fi zaure ba, ƙararrawarta wani guntun ƙarfen reluwe ne da aka rataye a jikin ɗorawa. Muka tarar da mai bishara kan tabarma, ƙafa ta kumbura, an naɗe kan kurkunun a tsinke. Ya rame ƙwarai. Matarsa ce ke ɗiban ruwa, ita ke ba da waƙa ran Lahadi, ita ke koya wa mata karatu da yamma.

Ina wanke masa ƙafar, Bature ya tambayi yadda za su ci bana, tunda gona ta mutu. Matar ta yi dariya ta ce, "Ku zo ku ga gonar da ta mutu."

Dawa ta kai ƙirji, an yi maimai, an yi huɗa, ko ciyawa ɗaya babu. Ashe mai unguwa, wanda Musulmi ne, shi ya kira gayya. Musulmi suka fito, Maguzawa suka fito da gangunansu, 'yan majami'a suka yi tuwo.

Da la'asar mai unguwar ya zo gaisuwa. Bayan an gama tambayar gajiya da ruwa, Bature ya faɗa masa abin da ya kawo mu. Mai unguwar ya ce, "Ranka ya daɗe, addininmu daban da nasa, wannan ba ɓoyayye ba ne. Amma shi ke karanta mana wasiƙun 'ya'yanmu da suka tafi aikin kuza, matarsa ce ta karɓi haihuwar jikata. Ba mu nome gonar nan don baƙo ya girbe ba."

Mai bishara ya ɗaga kai daga tabarma ya ce, "Ni dai a bar ni. Ƙafa ke ciwo, ba baki ba."

Ran Lahadi mutum biyu suka ɗauko shi, suka zaunar da shi kan turmi, ya yi wa'azi ƙafa a miƙe. Masu sujada ba su cika ɗakin ba, amma waƙarsu ta cika shi. Na ga Bature yana share ido da hularsa. Da aka tashi ya ce mini in bar duk maganin da ke jakata, mu biyu za mu koma. Na koya wa matar wankin gyambon, na kuma roƙe ta ta riƙa tafasa ruwan sha tana tacewa.

Mun iso gida lafiya, da tsarabar gyaɗa da ƙwan zabi. Na gode wa Ubangiji da Ya kai ni na gani da idona. Dā ina tsammani mu na Zariya ne ke riƙe da majami'un ƙauye. Yanzu na san akwai wadda maƙwabta ke riƙe da ita, waɗanda ko sau ɗaya ba su taɓa shiga cikinta ba.