Banɗakin Magen Hajiya

Shekarun baya, lokacin mahaifiyata tana da rai, na taɓa zama gwana a harkar banɗakin mage. Ku yi dariyarku, ni ma da wata ce ta ba ni labari da na dara. Mace da girmanta, malamar makaranta, uwar 'ya'ya, tana bin kanti-kanti tana auna robar da mage za ta yi fitsari a ciki. Amma haka aka yi.

Gidanmu na Nassarawa GRA irin tsofaffin gidajen ma'aikatan gwamnati ne, gini kaɗan, fili kamar a yi gona. Mangwaro a baya, darbejiya a bakin ƙofa, ko'ina ƙasa. Bayan rasuwar mahaifinmu, yayana ya dawo gidan da iyalinsa don kada Hajiya ta zauna ita kaɗai. Kowa ya sa masa albarka, har da ni. Hajiya ta riƙe ɗakinta na ƙarshen baranda, ita da wata farar mage mai baƙin kunne, wadda mahaifinmu ya tsinta tana jaririya a gareji, ya rene ta da madara a murfin kwalba. Da ya tafi, sai magen ta koma kwana a ƙafafun Hajiya. Hajiya ba mai yawan magana ba ce, amma sai ka wuce ta tagarta ka ji tana ba mage labarin ciwon gwiwa kamar wata sa'arta. Ko suna ba ta sa mata ba, "ƙawata" kawai take ce mata.

Duk tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa tambayar inda mage take biyan buƙatarta. Tana da wurinta a gindin mangwaro, ta tona, ta yi, ta rufe, ta dawo tana lashe hannu. Sai Allah ya yi wa yayana buɗi, ya ce zai gyara gida. Aka sare mangwaron, wai ganye yana ɓata motoci. Masu intalok suka zo suka shimfiɗe tsakar gida tun daga get har bayan kicin, aka ƙara wa katanga tsayi aka ɗora mata waya. Gida ya yi fes, ban musa ba. Sai dai ko ƙasar da mutum zai yi taimama ba a bari ba.

Mage ta fara da ragowar yashin magina. Da aka kwashe shi, ta koma tukwanen fulawa. Matar yayana ta sa aka cika bakin tukwanen da fararen duwatsu. To ina za ta je? Ta tsufa, ƙugunta ya riƙe, ba ta iya hawa katanga. Ranar nan sai ta zaɓi kusurwar sabon kafet ɗin falo.

Yayana ya kira ni a waya, ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Ke, ni fa na gaji. Mutum ya shiga falonsa sai zarni, a wurin da yara suke sallah. Ko a nemo mata dabara kafin watan nan ya ƙare, ko a sa ta a buhu."

Na ce, "Yaya, ka san fa ita kaɗai ce abokiyar hirar Hajiya."

"Mu da muke gidan gumaka ne?"

Na haɗiye abin da ya zo bakina, don na san halina. Na ce, "In ta daina fa?"

"In ta daina wa zai taɓa ta? Na yi miki alkawari."

Washegari daga makaranta ban koma gidana na Badawa ba, na shiga neman abin da ban san sunansa ba. A kanti na farko na ce ina son fo na mage, mai kantin ya dube ni sama da ƙasa ya ce Allah ya sawwaƙe. Sai can a wani babban kanti na tarar da lungu guda na kayan karnuka da maguna. Ashe duniya ta yi nisa muna zaune. Ga wani mai rufi da 'yar ƙofa kamar ɗakin kaji, ga wani mai zurfi da ake shiga ta sama, ga wani a buɗe. Idona ya tafi kan mai rufin, don na san matar yayana za ta fi son abin da ba a ganin cikinsa. Sai na tuna yadda tsohuwar magen nan take jan ƙafar baya. Na tsuguna a tsakiyar kanti ina auna bakin kowace roba da tafin hannuna, mutane suna ratsa ni. Na ɗauki buɗaɗɗiya mai faɗi, mai gajeren baki. Biyu ce a haɗe, ta saman tana da huji-huji kamar rariya.

Saura abin zubawa. Matar da ke kula da wurin ta nuna min wata ƙasa ta buhu mai ƙamshin turare, wadda take dunƙulewa in ta jiƙe. Ina buɗe bakin buhun ƙura ta tashi, na yi atishawa. Hajiya tana da asma, na ajiye. Ta janyo wani buhun, garin katako ne aka matse shi ƙanana-ƙanana kamar abincin kifi. Ta zuba 'yan kaɗan a murfi ta ɗiga ruwa, nan take suka kumbura suka warware suka koma gari. Ta ce garin yana zuba ƙasa ta hujin, a zubar, na saman ya zauna a bushe, kuma katakon yana shanye zarni. Na shinshina, ƙamshin shagon kafinta. Ta ce amma tsohuwar mage ba ta son sabon abu a ƙarƙashin ƙafarta, in fara da haɗa mata da ƙasar da ta saba.

Ƙasar da ta saba. A Nassarawa GRA, a gidan da na yi wasan ƙasa har aka gaji da dukana, sai da na ɗebo ƙasa a bokiti daga Badawa na kawo a bayan mota.

Na ajiye robar a baranda, daf da ƙofar Hajiya. Mage ta zo ta shinshina, ta sa ƙafa ɗaya, ta ji ƙwayoyin katako suna motsi, ta karkaɗe ƙafar ta tafi abinta. Haka muka yi ta fama. Kullum daga makaranta sai gidanmu. In zuba ƙasa a sama, in kama hannunta in yi mata tonon, ita kuwa ta yi min kallon wadda ta zautu. Hajiya tana zaune a bakin gado da carbi tana cewa, "Haba ƙawata, ki rufa mana asiri mana." Ta riƙa rufe ta a ɗaki in ba na nan, tana goge ɓarnar da kanta da tsumma, a durƙushe a kan gwiwoyin nan nata, don kada 'yar aiki ta gani ta kai rahoto.

Wata la'asar muna zaune sai muka ji ƙaras-ƙaras a baranda. Na leƙa. Ga ta a tsakiyar roba, ta tona, ta tsuguna, ta kawar da kai gefe kamar mai jin kunya. Wallahi ban san lokacin da na fara tafi ba. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, rabon da in ji wannan dariyar tun mahaifinmu yana nan. Daga ranar na riƙa rage ƙasa ina ƙara katako, har ya zama katakon zalla. Zarni ya ɗauke. Na je har falo na janyo yayana ya gani da idonsa. Ya tsaya daga nesa, hannu a aljihu, ya ce, "To madalla." Wata bai ma ƙare ba.

Na saki jiki. Kuskuren da ake yi ke nan da alkawarin mai gida.

Ba a jima ba aka zo gaisuwar neman auren babbar 'yarsa. Matan da suka zo suka ce sai sun shiga sun gaida Hajiya, hanya kuwa ta baranda ce. Aka ce ɗaya daga cikinsu ta tsaya a kan robar ta tambayi mene ne wannan. Da aka faɗa mata sai ta riƙe baki, ta ce ikon Allah, su 'yan GRA har magensu masai gare ta a cikin gida. Aka yi dariya aka wuce. Ni ba na nan, ina can kicin ina juya musu miya.

Da na dawo bayan kwana biyu, ba roba a baranda. An wanke wurin tas, an ajiye kaskon turaren wuta. Na shiga ɗakin Hajiya na tarar da ita ta juya fuska bango. Na ce, "Hajiya, ina ƙawarki?" Ta ce, "Tambayi yayanki."

Yana falo yana kallon labarai.

"Yaya, ina magen?"

"Na sa direba ya kai ta can wajen Kawaji. Akwai gidajen abinci, ba za ta rasa abin ci ba."

"Ta yi ɓarna ne?"

"Ba maganar ɓarna ba ce. Kin mayar da mu abin dariya a gaban surukai. Masai a ƙofar ɗakin uwata?"

"Da ka ce min in matsar da shi bayan gida. Kai ka ce in ta daina ba mai taɓa ta."

Ya ɗauki rimot ya ƙara murya. "Don Allah mage ce fa. In Hajiya tana so a samo mata wata."

Na faɗi maganganu a falon nan waɗanda ba zan maimaita ba, har matarsa ta fito tana ba ni haƙuri da irin muryar da ke ƙara wa mutum zafi. Na sa direban ya kai ni inda ya zazzage buhun, bayan wata masana'anta, gefen kwata. Na yi ta zagaye ina "mus, mus" kamar mahaukaciya, masu shayi suna kallona. Na koma washegari, na sake komawa. Magen da ba ta iya hawa dakali, wadda ba ta taɓa ganin titi ba, me zan tarar?

Hajiya ba ta yi wa yayana maganar magen ba, ko sau ɗaya. Da na ce ta tattara ta koma gidana, sai ta ce a ɗakin nan mijinta ya bar ta. Na ɗauka abin zai tsaya a kewa, ta yi kwana biyu ta warware. Sai ta fara ramewa, leɓɓanta suna bushewa, fitsari yana yi mata zafi. Likita ya duba ya ce jikinta ba ruwa, ya tambaye ni ko ba ma ba ta ne. Na ji kunya na ji haushi, don kullum jug ɗinta a cike yake a gefen gado. A mota, muna dawowa, na ce, "Hajiya, me ya sa ba kya shan ruwa?"

Ta juya fuska waje. Sannan ta ce, "In na sha da yamma, wani lokacin kafin in miƙe in kai banɗaki ya kufce min. Kin dai ga yadda aka yi da wadda ta ɓata musu wuri."

Na gangara gefen titi na kashe mota. Na ce, "Hajiya, ke kika haife shi fa." Ta ce, "Na sani. Tayar da motar mu tafi, kada su ga mun daɗe."

Na faɗa wa yayana. Ya ce Hajiya ma dai da fassara. Ya sa aka yi mata banɗaki a cikin ɗaki, mai kyau, da ƙarfen riƙewa. Ta yi masa godiya, ta sa masa albarka. Amma har ta koma ga Allah, in ba ni ce na zauna a gabanta na miƙa mata kofi ba, ba ta shan ruwa bayan la'asar.

Yau muna zumunci da yayana. Ina zuwa sunan jikokinsa, yana zuwa duba ni in ba ni da lafiya, mutane suna cewa Hajiya ta bar baya mai kyau. Mutane sukan ce min in yafe, abu ya wuce, dabba ce. Na yafe masa batun magen, Allah ya sani. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne tsoho yana kallon yadda kake yi da abin da ya tsufa a gidanka, yana auna kansa, kuma ba zai taɓa faɗa maka ba. Uwata ta ƙarasa kwanakinta da ƙishirwa a gidan mijinta, da ruwa a gefen gadonta. Wannan kam ban yafe ba tukuna.