Ranar da Ƙauna ta Koma Qauna a Kafanchan

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Suleja, ranar Juma'ar makon jiya, ni da wani maƙwabcina mai mota. Shi citta da doya za shi saro, ni kuwa laftof ce a kan cinyata da filashi biyu a aljihu. Masu bibiyata sun san sana'ata, wato tsara littafi a kwamfuta kafin ya shiga injin bugawa. Abin da ya fitar da ni daga gida da sanyin safiyar nan waya ce da aka yi mini ranar Alhamis da la'asar.

Wata nas ce ta kira, 'yar Kagoma, wadda ta yi jinyar mahaifiyata bara kamar uwar da ta haife ta. Sista muke ce mata a gidanmu. Ta ce, "Malam, littafin Babana ya lalace a wurin firinta. Duk Hausan ya zama wani abu dabam. Lahadi ne za a keɓe shi a coci, kuma Baba ya ce idan haka ne gara a bari."

Baban nata tsohon hedimasta ne, ya haura tamanin. Shi da matarsa marigayiya sun yi shekaru suna tsara waƙoƙin yabo da yarensu, shi kuma ya bi kowane baiti ya ajiye Hausarsa a gefe. Yanzu idonsa ya fara janyewa, yana so ya riƙe littafin a hannu ranar bikin godiyar kaka tun yana iya karantawa. Wadda ta tsaya a kan uwarka ba a ce mata a turo ta waya a gani. Na ce mata gobe ina hanya.

A Jere muka karya kumallo da ƙosai da koko a bakin titi. Ƙosan ya yi daɗi, amma ya rame, kuɗinsa ne ya yi ƙiba. Daga nan muka saki babban titi muka yi gabas. Hanyar wani wuri sumul, wani wuri ramuka har maƙwabcina ya daina kauce musu ya koma zaɓen wanda ya fi dama. Wajen Kwoi sai ƙamshin citta ya cika motar, an baza ta tana shan rana a kan duwatsu da gefen kwalta. Maƙwabcina ya tsaya ya taya, aka faɗa masa kuɗin buhu, ya dawo mota yana ƙunƙuni har muka wuce Kagoma. Can na ga tarin doya jere-jere, da babura ɗauke da buhunan hatsi, mai tuƙi na zaune kusan a kan tanki. Wajen goma da rabi muka shiga Kafanchan.

Shagon bugawar yana wani lungu kusa da tsohon layin dogo. Mai shagon wani kakkauran mutum ne da tawada har gwiwar hannu, kowa Oga yake ce masa. Sista na zaune a benci, idonta ya faɗa. Ko gaisuwa ba mu gama ba Oga ya nuna agogon bango.

"Oga Malam, ƙarfe huɗu zan sa aikin aure a inji. Idan na ku bai redi ba, sai Mande."

Aka buɗe mini littafin a kwamfutarsa. Layin farko da idona ya sauka a kai shi ne: "Qaunarka ta xauke mu, ba za mu vata ba." Na fashe da dariya, abin da bai kamata in yi a gaban mai damuwa ba, amma tsohon sani na gani. A da, kafin kwamfutoci su san haruffanmu masu ƙugiya, akwai wani salon haruffa, abin da muke kira font, da aka yi wa dabara. Tun da Hausa ba ta amfani da q da x da v, sai aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kansu. Ka danna q, ƙ ta fito a allo. Amma a cikin fayil ɗin q ce zaune, riga kawai aka sa mata. Ranar da aka kai aikin kwamfutar da ba ta da wannan font, rigar ta faɗi. Sista ta buga littafin ne a wata tsohuwar kwamfutar gida da ta mutu tuni, fayil ɗin kaɗai ya tsira.

Oga ya ce, "Ni na gaya musu a mai da q ya zama k, x ya zama d, a wuce wurin. Mu a nan wa ke faɗin wannan ƙ? Duk ɗaya ne a bakin mu."

Sista ta girgiza kai. "Baba ya ƙi. Ya ce shi ba zai tsaya gaban jama'a ya gode wa Ubangiji don ya ba mu kasa ba. Ƙasa ya ba mu, ba maciji ba."

Tun ban ga tsohon nan ba na ji ina son sa.

Ga inda na yi abin kunya, kuma zan faɗe shi don na san akwai 'yan sana'a a cikinku. Kaina ya kumbura. Na ce musu aikin minti biyar ne, har na tambayi Oga ina ake sayar da abinci mai kyau. Allah ya taimake ni na ajiye kwafi a filashi kafin in taɓa komai, wannan kam ɗabi'a ce ta bi jikina. Sai na umarci kwamfuta ta nemo kowace q a littafin ta mai da ita ƙ, kowace x ta zama ɗ, kowace v ta zama ɓ, manya da ƙanana. Na ɗora sabon font daga filashina, irin wanda ke da ƙugiyoyin na gaske. Muka fitar da shafuka huɗu na gwaji, na miƙa wa Sista ina murmushi, ina jiran godiya.

Ta karanta shafin farko, inda Baba ya sadaukar da littafin ga matarsa. Ta ɗago a hankali ta ce, "Malam, sunan Mamana ba Ɓictoria ba ne."

Ba nan abin ya tsaya ba. Ta buɗe shafi na gaba ta sa yatsa a ɓangaren yarensu, ta ce wannan ba kalma ba ce, wannan ma haka. Ashe yaren nasu yana da v ta gaske, kuma da yawa. Ni da tunanin Bahaushe na ɗauka duk v da ke duniya ɓ ce da ta ɓata hanya. Na gyara rabin littafin na rusa ɗaya rabin, rabin da ko kalma ɗaya ban sani ba a ciki. Oga agogo kawai ya sake dubawa, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Sista ta ce mu koma kan kwafin mu bi v ɗin ɗaya bayan ɗaya, tana gaya mini wadda za a taɓa. Muka gwada. Shafi uku suka cinye mana kusan rabin awa, littafin kuwa ya haura shafi ɗari. Ana cikin haka aka kira sallar Juma'a. Oga da kansa ya ce, "Je ka yi sallan ka, wataƙila Allah ya nuna maka hanya." Ban sani ba ko da gaske yake ko ba'a ce.

Bayan an sallame na tsaya wurin wata mata na ci faten acha da yakuwa, mai zafi, a araha. Ina ci ina jin haushin kaina. Cokali na bakina tambayar ta faɗo mini. In tsohon font ɗin yana mai da kowace v ta zama ɓ, yaya aka yi Sista ta ga sunan uwarta daidai a tsohuwar kwamfutar? Yaya yarensu ya fito daidai? Ban ƙarasa faten ba, na hau babur duk da shagon ba nisa.

Na tambaye ta tun daga bakin ƙofa. Ta dube ni kamar na tambayi abin da kowa ya sani. "Ai yaren mu da wani font na rubuta. Sunan Mama kuma, kowane wuri da ya fito, sai na zaɓi V ɗin shi kaɗai na canza masa font. Ya ba ni wahala sosai."

Wahalar nan tata ita ta cece mu. Na buɗe kwafin da ban taɓa ba, na danna kan layin Hausa, sai ga sunan tsohon font ɗin a ɗan akwatin da ke sama. Font ɗin ya mutu da kwamfutarsa, amma fayil ɗin bai manta wane harafi ne ya sa rigarsa ba. Na danna kan yarensu, wani suna dabam ya fito. Na danna kan V ɗin Victoria, shi ma dabam. Sai na sake ba da umarnin sauyawa, amma wannan karon na ce a taɓa haruffan da ke cikin tsohon font kaɗai. Kafin ƙiftawar ido an gama. Ƙauna ta dawo ƙauna, yaren Baba bai motsa ba, sunan marigayiya na zaune lafiya. Sista ta yi wata guɗa da ta sa mai shagon kusa ya leƙo.

Saura tsari. Sista da maɓallin tazara ta yi ta tura layukan Hausa har su daidaita da na yarensu, sabon font kuwa ya ɗan fi faɗi, don haka baitoci suka zame, wani ya hau kan wani. Na zuba kowace waƙa a jadawali mai gida biyu, na ɓoye layukan jadawalin, kowane baiti ya fuskanci fassararsa. Ina yi tana duba yarensu da 'yan alamomin da ke kan wasulansa. Wajen uku aka ɗauke wuta, Oga ya ja janareto yana mita a kan kuɗin fetur, ni dai batirin laftof ya rufa mini asiri. Da na gama na mai da littafin PDF, na tabbatar font ɗin na ɗinke a cikinsa, yadda ko wace kwamfuta aka kai shi ba zai sake tuɓewa ba. Huɗu saura minti biyar na miƙa wa Oga filashi. Ya duba shafi biyu, ya ce, "Kai, Bahaushe!" Ya ture aikin auren gefe. Na daɗe ban ji ƙarar da ta yi mini daɗi kamar ta injin nan ba.

A gidan wani ɗan'uwan maƙwabcina muka kwana. Da hantsin Asabar aka ɗinke kwafin farko, ni da Sista muka hau babura zuwa ƙauyensu a Kagoma, ta tsakiyar gonakin dawa da suka sunkuya. Mun tarar da Baba a baranda, siriri, da tabarau mai kauri. Na durƙusa na gaishe shi. Ya karɓi littafin, ya ce a kawo masa gilashin ƙara girman rubutu, sannan ya zaro jan biro daga aljihun rigarsa ya cire murfin. Rabona da irin wannan tsoro tun ina aji huɗu.

Ya fi awa guda yana karatu, hancinsa kusan a kan takarda, leɓunansa na motsi. An kawo mini dafaffiyar doya da manja, ban san yadda na ci ba. Sau biyu ya ɗaga biron, sau biyu ya sauke. Da ya kai bangon ƙarshe sai ya mai da murfin biron ya sa a aljihu.

"Ɗana," ya ce da ni, da Hausa tsaf irin ta malaman da, "na yi shekaru ina yi wa yara maki. Yau na nemi inda zan sa ja, ban samu ba. Ubangiji ya albarkaci hannunka." Ya juya ga 'yarsa ya ce, "Da uwarki na nan, ita za ta ta da waƙar farko gobe." Ni da na zo gyaran haruffa sai ga ni ina share ido da hular kaina, kuma ban ji kunya ba.

Ba su bar ni na tafi hannu rabbana ba, doya huɗu manya da zakara aka ɗaura mini. Maƙwabcina ya ɗauke ni a bakin titi, shi da rabin buhun cittar da kuɗinsa ya iya saye, yana hararar doyata har Jere. Zakaran kuwa bai yi shiru ba sai da muka shiga Suleja ana kiran magariba.

Abin da na koyo a tafiyar nan, ku 'yan'uwana masu tsara littafi, shi ne ku ajiye kwafi kafin ku taɓa aikin mutum, kuma kafin ku danna sauya-duka ku tambayi wanda ya buga rubutun yadda ya buga shi. Amsar tana bakin Sista tun da safe, ni ne girman kai ya hana ni tambaya. Na tafi ina ganin ni ne mai kare ƙugiyar Hausa, na tarar da wanda Hausa ba yaren uwarsa ba ce ya gwammace ya rasa bikinsa da a cire mata ƙugiya ɗaya.

Ranar Lahadi da hantsi Sista ta kira daga coci, ta ɗaga wayar sama kawai don in ji. Na ji matan zumunta da tukwanen kiɗansu, coci ya ɗauka baki ɗaya da yaren da ban sani ba. Can ƙasa-ƙasa, kusa da wayar, akwai muryar tsoho tana rawa, tana bin su baiti bayan baiti.