Sakan Goma Sha Ɗaya na Ƙarshen Faifai

Shekara talatin da ɗaya Anti Kati ta yi a ɗakin ajiye fayafayai na gidan rediyo, kuma a tsawon shekarun nan babu wanda ya taɓa ɗora yatsa a fuskar faifai a gabanta ya fita da mutuncinsa. Sunan ma a wurin aikin ta samo shi. Duk faifan garmahon da ya shigo sai ta yanka masa kati, ta rubuta sunan kowace waƙa da tsawonta, da wanda ya rera, da wanda ya buga ganga, da wanda ya kaɗa jita, ta jera a akwatin katako mai aljihu arba'in. Masu gabatar da shiri sun fi tsoronta a kan manaja. Ba ta yarda a tsinci waƙa ɗaya a tsakiyar faifai a yi gaba ba. A wurinta faifai daga farko ake jin sa, a juya bayansa, a bi shi har allura ta ɗaga kanta. Wanda ya yi tsallake, ta ce, bai saurara ba, leƙe ya yi.

Da gidan rediyon ya koma amfani da kwamfuta, aka cusa fayafayan a buhuna aka kai sito, aka fasa akwatin katinta aka yi benci da shi. Ta ajiye aiki a watan, ko bikin sallama ba ta tsaya ba. Faifai ɗaya kawai ta fito da shi, wani mai koren kwali, shi ma nata ne na kanta.

Kiɗan da ke faifan na yayanta ne, wanda kowa ke kira Bahago. Tun suna yara da hagu yake komai, har jita ma juya ta yake yi ya kaɗa a kife. Yana da shekara ashirin da huɗu ya shiga wata ƙungiyar samari biyar masu kiɗan rok, irin na jita da ganga da ihu, suka yi faifai ɗaya tak suka watse. Waƙar ƙarshe a bayan faifan minti bakwai ce, kuma huɗu daga ciki jitar Bahago ce kaɗai take kuka. Amma kayan kiɗan duk na shugaban ƙungiyar ne, don haka da aka zo buga kwali sai ya sa aka rubuta cewa waƙa da jita duk shi ne. Har hoto ya ɗauka rungume da jitar, mutumin da ko ɗaure tsirkiya bai iya ba.

Anti Kati ta yi tsalle ta dire a lokacin, ta ce sai an sake kwali. Bahago ya ce, "Ƙyale shi, ƙanwata, ai kunne ya san gaskiya." Ya rataye jita, ya kama tuƙin bas ɗin ma'aikatan wani kamfani har ya tsufa. Shugaban ya mutu da sunansa a kwali. Ita kuwa ba ta yafe wa ko ɗayansu ba, kuma in za a faɗi gaskiya haƙurin yayan nata ya fi ƙona mata rai a kan satar.

Abu ɗaya ya rage mata. Idan waƙar ƙarshe ta ƙare, kafin allura ta ɗaga, akwai sakan goma sha ɗaya da mai naɗin sauti ya manta bai kashe na'ura ba. Ana jin sandar ganga ta faɗi, wani ya yi dariya, sai muryar shugaban da kansa: "Kai, jitar nan ta yi magana yau a hannunka. Bahago! Bahago!" Nan faifan yake ƙarewa, ba a jin amsa. Matsalar ita ce duk sakawa allura tana ɗan cin faifai. Rabon da ta kunna shi shekara tara, kuma tun a ranar ta ji muryar ta fara nutsewa cikin ƙarar tsufa. Ta naɗe shi a zane ta sa a ƙasan akwati, ta rantse ba za ta sake ba.

Yanzu Bahago yana ɗakin baya na gidanta. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, kuma kamar da gayya, na hagun ne. Magana ta ɗauke, sai gurnani da nuni da ido. Kwanan nan abinci ma sai da faɗa yake karɓar cokali uku.

'Yarta, ma'aikaciyar jinya, ita ta kawo fitinar, da kyakkyawar niyya. Ta shigo wata rana da la'asar tana murna, waya a hannu. Ta ce akwai wani fodkas, wato shirin hira da ake saurara ta intanet, inda wasu mutum biyu suke ɗauko tsohon faifai su yi awa biyu suna feɗe shi waƙa bayan waƙa, kuma na wannan makon faifan Kawu ne. Aka jingina Bahago da filo, aka ajiye wayar a kan kujera.

Su kam sun iya baki. Sun san shekarar naɗi, sun san irin gangar. Da suka zo waƙar ƙarshe sai suka yi minti ashirin cur suna yabon yatsun shugaban. Ɗaya ya ce da ka ji kukan jitar ka san mutumin nan ya sha wuyar duniya. Ɗayan ya ce ba a sake haifar hannu irin nasa ba. Bahago ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi ta fama da wuyansa har ya juya fuska bango. Ranar ko cokali ɗaya bai karɓa ba.

Anti Kati ta cika fam. Ta sa 'yarta ta rubuta musu saƙo cewa Bahago ne mai jitar, su saurari ƙarshen faifan su ji shaida. Amsa ta zo washegari, cike da ladabi irin mai sa mutum ya ji kamar ya fasa waya: sun gode da sauraro, amma abin da ke kwali suka bi, kuma sun ji faifan sau goma a intanet, wanda aka gyara ya fita tas, ba su ji komai ba.

"Sa min wanda aka gyara ɗin," in ji ta.

'Yar ta sa. Jita ta yi kukanta na ƙarshe, sai shiru ɗif. Babu sandar ganga, babu dariya, babu kira. Wani mai gyara da bai san kowa ba ya ga ƙara a ƙarshen waƙa, ya ɗauka datti ne, ya datse.

Ta zauna a bakin gado. Sannan ta jawo akwati ta warware zanen.

Ɗakin naɗin shirin yana saman wani kantin magani, ɗan ƙuƙut, an manne bangonsa da soso, makirufo biyu a kan tebur. Ta hau matakala da garmaho a hammata, tana haki, ta ƙi bari direban tasi ya taya ta. Masu shirin, ɗaya mai gemu ɗaya mai tabarau, suka miƙe suna "Sannu da zuwa, Mama." Da ta zaro faifan, mai gemu ya miƙo hannu da yatsu biyar a buɗe.

"Taɓa shi ka gani," ta ce. "Kai ne masanin faifai, ba ka san ta baki ake riƙe shi ba? Janye hannunka."

Ya janye. Ta goge faifan da ƙyallen da ta zo da shi, ta ce su kunna na'urarsu ta ɗaukar sauti yanzu, don sau ɗaya za ta saka, ba za a maimaita ba. Mai tabarau ya duba agogo ya ce ko za ta kai allurar ƙarshe kawai, tunda can maganar take.

"Tsallaken nan ne ya kai ku inda kuke. In na dangwara allura a wurin ta karce shi, ubanka zai dawo min da muryar? Zauna."

Suka zauna tsuru-tsuru minti ashirin da biyu. Waƙa ta ƙare. Ƙara ta taso kamar ana suya, sai sandar ganga, sai dariya, sai muryar can ƙasa, siririya, ta fi yadda ta bar ta rauni. Amma ta fito. Allura ta ɗaga.

Mai gemu ya dafe kai ya ce innalillahi. Mai tabarau ya cire abin kunnensa ya ce, "Mama, gaskiyarki ce, mun yi kuskure. Sai dai ƙarar ta yi yawa, masu sauraronmu ba sa son haka. Bari in wanke shi da kwamfuta ya fita fes."

Nan idonta ya rufe.

"Ka wanke? Wankin nan naku ne ya cinye min yaya! Shekara arba'in da shida ɓarawo yana zaune a kwali, wuri ɗaya tak bakinsa ya suɓuce ya faɗi gaskiya, ku kuka zo da sabulu kuka wanke wurin. Kun yi awa biyu kuna surutu a kan faifan da ba ku taɓa riƙewa ba. Kun ce mai jitar ya sha wuyar duniya. Ƙwarai ya sha! Yana gidana kwance, hannun da kuke yabo ko ƙuda ba ya iya korewa, ya ji ku da kunnensa kuna miƙa wa wani yabonsa. Wallahi ka taɓa ƙarar nan sai na dawo. Da dattinsa za ku saka shi, a farkon shiri, kuma ku faɗi wanda ya kaɗa."

Mai tabarau ya ɗauke hannunsa daga kwamfutar a hankali.

Mako ya zagayo. Da hantsi 'yar ta kawo waya ta ajiye a kan kujera, aka sake jingina Bahago, wanda ya rame har filon ya fi shi cika gado. Anti Kati ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu, a shirye take ta koma saman kantin maganin. Mai gemu ya fara da ba da haƙuri, ya faɗi wanda ya kaɗa jitar dalla-dalla. Bahago bai motsa ba, idonsa na kan silin. Sai ƙarar ta taso, da dattinta, ba a taɓa ta ba. Sanda ta faɗi. Aka yi dariya. Muryar mamacin ta fito daga wayar.

"Bahago! Bahago!"

Tsohon ya juyo da kai wajen kujera. Leɓensa ya karkace, ya yi ta kokawa da harshen da ya yi shekara biyu bai ba shi haɗin kai ba.

"Na'am," ya ce.

'Yar ta fashe da kuka. Anti Kati ta yi tsaki mai ƙarfi, hawaye na zubo mata har haɓa.

"Sai yanzu ka ga damar amsawa," ta ce. Ta ɗauko kwano da cokali ta zauna a bakin gadon. "Buɗe bakin, Yaya."